Hoton Ranar Sadakar Uku

Difa, Juma'a, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga Hajiya Rukaiya, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ni dai ina nan, gwiwa tana ciwo, kunne ya ƙara nauyi, sauran jiki sai godiya.

Na san an buga miki waya jiya, amma a wayar kuka aka yi, ba a yi magana ba. Gambo mijin yayarki Baturiya ya rasu, an kai shi bayan azahar. Allah ya ji ƙansa, ya ba mu haƙuri.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗiyarsu Hasna. Kin san tana Lizbon, ƙasar Fotugal, shekara biyu ke nan tana karatun ban-ruwa, kuma ranar 21 ga watan nan za ta tsaya gaban malamanta ta kare littafin da ta rubuta, abin da suke kira sutanans. Abbakar, wan marigayi, ya tara mu bayan an dawo daga maƙabarta, ya ce kada a gaya mata sai ta gama. Ba sabon abu ba ne a danginmu. Ni ma ina lakkol, makarantar boko, a Yamai uwata ta rasu, sai da na zo hutu na tarar da ɗakinta a kulle.

Amma a zamaninmu babu waya a aljihun kowane mai tallan goro. Na ce musu, in kuka ce wa mutane kada su gaya mata, kafin la'asar an gaya mata, Difa ba ta iya riƙe magana ba. Sai na kawo dabara. Duk wanda ya tambaya, a ce masa an gaya mata, abin ya buge ta ƙwarai, ta roƙi kada kowa ya kira ta ko ya rubuta mata sai ta fita jarrabawa. Mutum ba ya zumuɗin kai labarin da aka riga shi kaiwa. Abbakar ya ce, "Kun ga amfanin boko." Shekara talatin da 'yan kai ina koyarwa a garin nan, ana ce mini Mushe kamar kowane malamin boko, wannan ne karo na farko da aka yaba wa bokona, shi ma a kan ƙarya.

Ni aka ɗora wa riƙe ta da hira. Mahaifinku da ni 'ya'yan wa da ƙane ne, saboda haka kakanta nake, kuma wai abin da kaka ya faɗa wa jika wasa ne, ba a rubuta shi a zunubi. Haka Abbakar ya ce. Ni dai ban ga ayar ba.

Don Allah kada ki kira ta. In ita ta kira ki, ki ce kina kan hanya, ki kashe. Muryarki ba ta ɓoye komai.

Babanku,
Usmanu Alkali

*

Difa, Juma'a, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga amaryata Hasna, wadda ta gudu ƙasar Turawa ta bar ni da tuwon maƙwabta.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, sanyin can bai cinye miki kunnuwa ba. Mijinki yana nan da rai, duk da addu'ar da kike yi ki gaji tabarau da keke. Kamar kullum, Hamani mai shagon cajin waya zai ɗauki hoton takardar nan ya tura miki. Ke ma ki amsa da hannunki, kada ki aiko mini da muryar nan taku ta waya, kunnena ba ya kama ta.

Mutanen gida duk lafiya, suna gaishe ki. Kogin Komadugu ya cika bana har ya hau gonakin tattasai. Babanki yana can gona yana jan injin ban-ruwa zuwa tudu, uwarki ta bi shi da abinci, wayarta kuma ta faɗa ruwa. In kin kira ba ki samu ba, dalilin ke nan. Sun ce ki sa kai ga karatu, kada ki damu da su.

Yanzu ga aiki. Shekara biyu kina Lizbon, daga ɗaki sai lakkol, kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa. Kin san abin da na koyar a kwalej har kaina ya yi fari? Yadda mutanen garin da kike zaune suka sassaƙa jirage suka kewaye Afirka. Ina tsaye gaban 'ya'yan masunta da manoma ina zana musu teku da alli, ni ma ban taɓa ganinsa ba. Abokan ajina da ba su iya bambance gabas da yamma ba sun zama manya, sun zaga duniya da sunan aiki, abin da suka gani a can kantin turare ne da takalma. Ni littafi ɗaya gare ni, hotunansa baƙi da fari, shi ma gara ta ci rabi.

Gobe Asabar ki aje karatu ki je unguwar Belem, bakin kogi. Kan da ya cika yana bukatar iska. Akwai wata hasumiyar dutse tsaye cikin ruwa, ita matuƙa ke yi wa kallon ƙarshe in za su fita. Littafina ya ce an sassaƙa kan karkanda a jikinta, ki nemo mini shi. Kusa da ita akwai wani dogon gini mai siffar goshin jirgi, da taswirar duniya shimfiɗe a ƙasa gabansa. Ki duba komai, ki rubuto mini dalla-dalla, ki ɗauki hoto. Kuma ki yi dariya a hoton, kada ki tsaya kamar wadda aka kama a kan iyaka ba takarda.

Angonki da ba ya mutuwa,
Mushe Usmanu

*

Lizbon, Lahadi, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga tsohon angona, Kaka Mushe.

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiya lau, sai dai barci da ya yi ƙaura. Kekenka ka riƙe abinka, ko ɗan gwangwan ba zai taya ba. Na gode da labarin gida, dama na kira Inna har na gaji.

Na bi umarni, na je jiya, ni da Amina, 'yar Gine-Bisau da muke ɗaki ɗaya. Kaka, kogin nan nasu, Teju, in ka aza Komadugu a gefensa sai ka ce magudanar bayan gida ce. Iskarsa da gishiri take, don teku yana nan gaba kaɗan.

Hasumiyar, ka yi haƙuri, ba ta kai tsawon da kake ba ta a baki ba. Gajeriya ce, amma kyakkyawa. An naɗe ta da igiyoyi na dutse har da ƙulli, kamar ka kama ka ja. Ta wata 'yar gada ake shiga. A ƙasa igwa ce jere, kowace da tagarta tana kallon ruwa. Ƙarƙashinsu akwai ɗakunan da aka riƙa kulle fursunoni, rufin ya yi ƙasa har ni gajeriya sai da na sunkuya. Matakalar hawa kuwa ƙunci gare ta, har an sa mata wuta ja da koriya irin ta titi, in ja ce ka jira masu saukowa. Wani Bature mai tumbi ya ƙi jira, suka yi kiciɓis da wata tsohuwa a tsakiya, aka rasa mai ja da baya. Tsohuwar ce ta ci.

Karkandarka na same ta da ƙyar, tana maƙale ta waje a ƙasan wani lungu. Iska da gishiri sun cinye ta, ƙahon ya kusa ƙarewa. Amina ta ce alade ne. Ni na ce kai ne in an ambaci fansho.

Ginin mai goshin jirgi kuwa, maza ne na dutse jere suna hawa, kowa da abin da ya riƙe, wani takobi, wani tuta, wani littafi. Mace ɗaya tak na gani. Na tsaya ina tunanin waɗanda aka lodo a cikin jiragen a dawowa, su ba a sassaƙa su ba. Ka koya wa yaranka wannan, ko nan ne gara ta ci?

Taswirar ce ta fi ba ni dariya. Da dutse mai launi aka yi ta, mutane suna ta tafiya a kai, yara suna tsalle daga Afirka zuwa Indiya. Bakin teku duk shekaru ne a rubuce da 'yan jirage, amma ba Difa, ba tafkin Cadi. Sai na auna da ƙafa daga teku na yi arewa, na tsaya inda nake jin gonar Baba take, na ɗaga hannu biyu sama, Amina ta ɗauka. Ka ce in yi dariya, to ga haƙora duka a waje. Na sa shi a status, na rubuta, "Yau na taka Difa, ba wanda ya tare ni." Bayan nan muka bi layi muka sayi wani ɗan kek nasu na ƙwai da madara. Na ci maka naka, ba ka da haƙoran ɓawon.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Mutanen gida da yawa sun kalli hoton, amma ba wanda ya ce uffan, har ƙawayena masu bakin aku. Ko rezo ne, layin waya ya ƙi? In wani zai shiga gona, a ce wa Baba kada ya daɗe cikin ruwa, ya san ƙirjinsa. A ce masa kuma a littafina akwai babi guda a kan gonarsa, da sunansa a shafin farko. Zai ce ɓarnar takarda ce, amma zai nuna wa kowa.

Amaryarka mai tsada,
Hasna

*

Difa, Litinin, 7 ga Nuwamba

Amaryata,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa tana nan yadda take.

Na zauna a bencin Hamani ina ta maimaita takardarki, har ya ce in tashi in ba masu caji wuri. Igiyoyin dutse! Littafina bai faɗa ba. Da na sani da na zana su a allo. Waɗanda aka lodo a jiragen kuwa na koyar da su. Layi uku ne a manhaja, ana gamawa a buga ƙararrawa.

Sai dai maganar hoton taswira. Ni na ɗauka ni kaɗai za ki aiko wa. Yanzu Hamani yake gaya mini abin nan da kuke kira status kamar allon sanarwa ne a bakin kasuwa, kowa ya gani, wanda ya so ya kwafa. Ki cire shi in yana nan, kuma kada ki ƙara sa wani. Kina gab da jarrabawa, bakin mutane ba shi da kyau.

In kin samu sarari Asabar mai zuwa, nan kusa da inda kika je akwai gidan da suke ajiye jiragen dā da kayan auna taurari. Ki shiga ki duba mini girman jirgin da suka fara fita da shi. Na sha gaya wa yara bai fi kwalekwalen masuntan garin Bosso guda uku ba in an haɗa, ina so in san ko ƙarya na yi musu. Wannan karon hoton nawa ne ni kaɗai.

Gida lafiya. Babanki yana gaishe ki.

Mushe Usmanu

*

Lizbon, Talata, 8 ga Nuwamba

Malam Usmanu Alkali,

Assalamu alaikum.

Jiya da rana ina ɗakin karatu saƙon murya ya shigo daga Inna Firdausi, maƙwabciyarmu mai ƙosai. Na sa a kunne ina murmushi. Ga abin da ta ce: "Hasna, ni ba a hana ni magana. An ce kina can kina kuka, kada a dame ki, ashe rawa kike a kan dutse ranar sadakar ukun ubanki. Har da wai ba wanda ya tare ki! Wa zai tare ki, muna kan tabarmar makoki? Allah ya ji ƙan Gambo, ya rufa masa asiri bai ga wannan ba."

Sai da na sake saurara kafin na gane wane Gambo.

Takardarka ta Litinin sai yau da safe ta shigo, rezo ya riƙe ta. Na karanta. "Babanki yana gaishe ki." Da hannunka, da kyakkyawan rubutun nan naka da kake yi mana gori da shi.

Ɓoye mutuwa na san shi. An yi wa wasu a gabana, ni ma an sa ni na yi shiru. Da a nan aka tsaya, da na yi fushi na huce. Amma wa ya ce wa gari na sani? Wa ya ce in yi dariya? Ranar Litinin ka riga ka san abin da hoton ya jawo, ka kuma sake aike na in auno maka jirgi.

Hoton yana wayar kowa yanzu. Ba zan zo sadakar arba'in ba. Ban san da wace fuska zan bi ta kasuwa in shiga gidanmu ba.

Kada ka ƙara ce mini amarya.

Hasna Gambo

*

Difa, Juma'a, 11 ga Nuwamba

Hasna,

Assalamu alaikum. Ina fata kina cin abinci. Ba ni da bakin tambayar lafiyarki fiye da haka. Uwarki tana takaba, ta rame, amma jikinta lafiya.

Tambayoyinki biyu amsarsu ɗaya ce. Ni ne. Abbakar ya ce a ɓoye, nan ya tsaya. Cewa an gaya miki dabarata ce, har na yi alfahari da ita. Belem kuwa ba wanda ya sa ni. Da na ce ki kulle ɗaki ki yi karatu, da ya wadatar. Na gaya wa kaina iska nake so ki sha. Ba haka ba ne. Gani na yi dama ta samu, ga jinina a wurin da na yi shekaru ina nunawa da sanda, sai na ari idonki a ranar da ya kamata ya yi kuka. Asabar ɗin nan ina zaune a tabarmar makoki, ana raba sadaka, ni kuwa ina tunanin ko kin samu karkanda. Na daɗe ina zagin waɗanda suka ci amanar ƙasar nan don ganin Turai. Su aƙalla da ƙafarsu suka je.

Laraba aka yi sadakar bakwai. Na ja Abbakar gefe na ce zan tashi in faɗa wa jama'a gaskiya.

Ya ce, "Mushe, ka rufa mana asiri. Liman da bakina na ce wa an gaya mata. Bulama mai unguwa ma haka. Ka tashi ka ce gidan babanmu Tahiru sun yi wa liman ƙarya a kan gawa? Yarinya ce, magana ce, kwana biyu ta wuce."

Na ce, "Ita a garin nan za ta zauna, ba kwana biyu ba."

Ya ce, "To wa ya aike ka ka tura ta kallon gumaka?"

Duk da haka bayan an shafa fatiha na dafa sanda na tashi na faɗa. Maza suka sunkuyar da kai, liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka sake shafawa. Abbakar bai ƙara duban inda nake ba har yau.

Amma na san ba a zaure maganar take ba, a cikin gida take. Sai na yi sallama na shiga wajen mata, abin da ban yi ba tun ina ɗan yaro. Suna tsakar gida ana kwasar tuwo. Na tsaya a tsakiyarsu na ce Hasna ba ta sani ba, ni na ƙirƙiro cewa ta sani, ni na tura ta, ni na ce ta yi dariya.

Firdausi ta aje mara ta ce, "Ayya Mushe, Allah ya bar ƙauna. Ai ango shi ke rufa wa amarya asiri."

Wata daga bayanta ta ce, "Makon jiya kai ka ce mana ta sani, har da rantsuwa. Yau ka ce ba ta sani ba. Wanne za mu ɗauka?"

Na ce, "Na yau."

Ta ce, "Na gobe fa?"

Aka yi dariya. A gidan mutuwa, Hasna, ita ma ni na jawo ta.

Na ce a kira Hamani ya nuna musu takarduna a wayarsa. Firdausi ta ce, "Mu da ba mu yi lakkol ba, kai ka rubuta, kai ka karanta, me ya canja?"

Uwarki ce ta ɗaga labulen ɗakin takaba, ba ta fito ba, ta ce, "Ɗiyata ba ta sani ba." Suka bar maganar don girmanta. Amma na ga fuskokinsu. Uwa ce, me za ta ce? Wasu sun yarda, wasu a baki suka yarda. Na fito ina jin idanunsu a bayana, na manta takalmina a bakin ƙofa, sai da aka biyo ni da shi.

An zaɓe ni ne don maganar kaka ba ta da nauyi. Yau ina neman nauyin ido rufe, babu. Na ɓata miki suna da zance ɗaya, na yi goma bai gyaru ba.

Ban ce ki yafe ba, ban ce ki zo ba. Abu ɗaya nake roƙo, ko da yake ban cancanta ba. Ranar 21 ki tsaya gaban malaman nan. In kin fasa, mun rasa Gambo, mun ɓata ki, kuma duk a banza.

Usmanu

*

Lizbon, Talata, 22 ga Nuwamba

Kaka,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya. Na daɗe ban amsa ba don duk abin da na rubuta yagawa nake yi.

Jiya na tsaya, na ci. Ba don roƙonka ba. Sun tafa mini, na fita. Daga nan na bi ƙafa har bakin kogi, ba Belem ba, wani wuri ne a tsakiyar gari inda matakala ke gangarawa cikin ruwa tsakanin ginshiƙai biyu. Amina ta ce nan manyan baƙi ke sauka daga jirgi a dā. Masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto. Na zauna a kan dutsen ina so in yi kuka, ya ƙi zuwa, don a cikin kaina Baba yana gona yana jan inji zuwa tudu. Kai ka aje shi can, har yau bai fito ba.

Na yi magana da Inna a wayar Hamani. Ta ce sai haƙuri, na ce sai haƙuri, sauran numfashi ne. Baba Abbakar ya ce, "Kin ji abin da Allah ya yi." Inna Rukaiya ta kira daga Damagaram tana ta neman gafara. Firdausi kuwa zagi ta yi. Ka lura? Har yau ba wanda ya faɗa mini. Gari duka an yi masa sanarwa, ban da ni.

Maganar mata ka bar ta haka, ka yi iyakar ƙoƙarinka, ka ƙara ɓatawa. Sunan nawa ne. Ni zan zo in zauna kusa da Inna, su kalle ni har su gaji. Amma ba zan hau jirgi zuwa makokin mutumin da ba a ce mini ya mutu ba.

Kai ka iya rubutu. Ka gaya mini. Yaushe, a ina, wa ke wurin, me ya ce. Ba wasa, ba karin magana, kuma kada ka rage komai don tausayi. Ranar da ta iso zan yanki tikiti.

Hasna

*

Difa, Laraba, 23 ga Nuwamba

Zuwa ga Hasna Gambo Tahiru.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hasna, mahaifinki Gambo ya rasu.

Ya rasu ranar Alhamis, uku ga Nuwamba, da hantsi, a gidan likita nan Difa. Lahadin da ta gabaci wannan ruwa ya hau gonarsa. Ya shiga har ƙirji, shi da Maina maƙwabcinsa na gona, suka fito da injin. Washegari zazzaɓi da tari suka kama shi. Ya ƙi zuwa gari, ya ce sai ya ga inda ruwan zai tsaya. Ranar Laraba Maina ya ɗauko shi a amalanke zuwa bakin hanya, mota ta kawo shi. Likita ya ce ƙirjin ya riga ya cika. Ya sha wuya wajen numfashi, ba zan rage miki ba.

Uwarki tana riƙe da kansa, Abbakar yana wajen ƙafa, ni ina bakin ƙofa. Ya tambaya ko ruwa ya kai kunyoyin tudu. Aka ce bai kai ba, kuma gaskiya ne. Ya ambace ki sau ɗaya. Ya ce, wata nawa ya rage Hasna ta dawo? Uwarki ta ce ɗaya. Ya ce, "To." Bai bar miki wasiyya ba. Zan iya tsara miki wata mai daɗi, amma wannan "To" ɗin ita ce kawai. Abbakar ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa, muna ji.

Liman da Maina suka yi masa wanka, ni na zuba ruwa. An sallace shi bayan azahar. Mutane sun cika har titi, manoman bakin kogi sun zo da laka a ƙafafunsu. Kabarinsa yana gefen gabas na maƙabarta, kusa da wata aduwa.

Allah ya ji ƙansa, ya kyauta makwancinsa, ya sa ya huta. Ya haƙuri, Hasna. Allah ya ba ki ladan rashinsa.

Ki faɗa wa Hamani ranar da motarki za ta sauka. Zan tsaya a tasha. Ba sai kin gaishe ni ba.

Usmanu Alkali